Kafin ka loda wa makaho manhajar tace sauti, fara cire maus ɗin

Duk wanda ya taɓa kai laftof kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, ko ya gangara Beirut Road, ya ce a loda masa manhajoji, ya san jerin abin da ake zuba masa. Office, Chrome, VLC, in kuma ya ce aikin sauti zai yi, sai a ɗora masa Adobe Audition ko FL Studio, don su ake gani a situdiyoyin Zoo Road. Ga mai ido wannan ya wadatar, zai je gida ya buɗe YouTube ya lallaɓa. Amma in kwamfutar ta mai lalurar gani ce, to akwai yiwuwar an cika masa ita da kayan da ba zai iya ko da buɗe fayil a cikinsu ba sai ya kira ƙaninsa.

Da kai nake, mai karatu, domin galibi kai ne ƙanin nan. Kai ake turawa kasuwa, kai ake cewa "ai shi ya san waya". Ra'ayina shi ne, hanyar da muke zaɓar wa makafi manhaja a garin nan a juye take. Muna tambayar wacce ce ƙwararru ke amfani da ita, alhali tambayar da ta shafe su ita ce: wacce ce za a iya sarrafa ta daga farko har ƙarshe da kibod kaɗai, tana kuma faɗa wa mutum abin da ya taɓa?

Bari mu fara da yadda makaho ke aiki da kwamfuta, don da yawa ba su taɓa gani ba. Akwai manhajar da ke karanta duk abin da ke kan sikirin da murya. A wayarka ta Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver, kuma tana nan cikin saitin wayar ko ba ka taɓa kunna ta ba. A Windows manyan biyu su ne JAWS, wadda ta kuɗi ce kuma mai tsada, da NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, aka fara ta a 2006, kuma kyauta ce har gobe. Sai dai wannan murya ba ido gare ta ba. Abin da manhajar da aka buɗe ta gaya mata shi take maimaitawa. In wanda ya ƙera manhajar ya sa wa kowane maballi suna, muryar za ta ce wannan na ɗauka ne, wannan na tsayawa ne. In kuwa zana maballan kawai ya yi kamar hoto, sai muryar ta yi tsit, ko ta dinga cewa "maballi, maballi" ba bayani. FL Studio na cikin waɗanda makafi a duniya suka daɗe suna kuka da su kan wannan, duk da irin daɗin da masu kiɗa ke ji da ita. Kusan komai nata ja da maus ne a kan zane.

Abin da ke ba ni haushi a nan shi ne, in akwai sana'ar kwamfuta da ta dace da mai lalurar gani, to tace sauti ce. Aikin kunne ne. Wancan zanen igiyar sauti mai hawa da sauka da muke zuba wa ido, taimako ne kawai. Wanda zai saurari shirin a rediyon Adaidaita Sahu ba zai taɓa ganinsa ba. Mu masu gani sau da yawa da ido muke yanka, mu ga inda zanen ya faɗi mu datse, sai an saurara a ji an guntule numfashin mai magana ko an cinye ƙarshen kalma. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali. Ka ɗan rage wa wasalin ƙarshe tsawo, ka sauya kalmar. Wanda ya dogara da kunnensa tun yana yaro ba ya barin irin wannan ta wuce.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa makaho ya yi fice a aikin murya. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A zamaninmu ga Yahaya Makaho a Kaduna. Bambancin shi ne, har yanzu makahon yana gefen makirfo ne, kujerar da ke gaban kwamfuta ta mai ido ce. A Kano kuwa aikin da ke kan wannan kujera ba kaɗan ba ne. Tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu ke ƙaruwa, kuma kowanne na cin talla: na makarantar kuɗi, na mai maganin gargajiya, na ɗan takara, gaisuwar biki. Ga karatun malamai da ake ɗauka a masallatai, musamman tafsirin azumi, wanda sai an cire masa ƙarar janareto da tarin jama'a, an yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ya shiga WhatsApp da Telegram. Ga masu karanta littattafan Hausa a YouTube. Duk wannan magana ce zalla, ba ya buƙatar a haɗa kiɗa.

To wacce za a zaɓa? Ni a ganina a fara da Audacity, kuma kada kowa ya ji kunyar hakan. Na san yadda 'yan situdiyo ke yi mata kallon ta 'yan koyo. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a 2000, kyauta ce, ba ta cin data wajen saukewa, tana kuma tafiya a kan tsohuwar laftof ɗin da ba ta da ƙarfi. A Windows tana jituwa da NVDA da JAWS. Ga yadda aikin yake a hannun wanda ba ya gani: ya danna R ya fara ɗauka, ya danna dogon maballin tazara ya tsaya ko ya saurara. Yana cikin saurare ya ji inda mai magana ya yi tuntuɓen harshe, sai ya danna maballin baka mai kusurwa na buɗewa a farkon wurin, na rufewa a ƙarshensa. Kafin ya goge sai ya danna C, manhajar ta jiyar da shi ɗan abin da ke gaba da wanda ke baya a haɗe, wato yadda wurin zai kasance in an cire. In ya yi daidai ya goge, in bai yi ba ya gyara iyakar. Waƙafi da aya suna matsar da shi daƙiƙa ɗaya baya ko gaba, in ya haɗa da Shift daƙiƙa 15. Cire ƙarar janareto ma duk cikin menu yake: a zaɓi wurin da ba kowa ke magana ba, a nuna wa manhajar cewa wannan ce ƙarar, sannan a zaɓi sautin duka a ce ta rage. Babu inda aka nemi maus a duk wannan.

Wanda ya iya waɗannan ya riga ya iya abin da zai gyara karatun malami ko littafin da aka karanta. Mako biyu zuwa wata ɗaya na nacewa na iya kai mutum nan, in yana da wanda zai zauna da shi a kwanakin farko.

Akwai GoldWave, ta wani kamfani a Kanada, wadda tun shekarun 1990 take kuma makafi da yawa a ƙasashen waje da ita suka saba. Tana da kyau, amma ta kuɗi ce, kuma ban ga abin da za ta ba ɗan koyo a Kano wanda zai sa ya tsallake ta kyauta ba. Sound Forge ma haka. Masu Mac suna da Logic Pro da Pro Tools da VoiceOver, sai dai wanda zai iya sayen Mac ba shi ne damuwata a wannan rubutu ba.

Inda nake so a dakata a yi tunani shi ne mataki na biyu. Ranar da aiki ya wuce murya ɗaya, aka ce ga muryar mace, ga ta namiji, ga kiɗa a ƙasa yana sauka in an fara magana, kuma dole tallar ta tsaya cif a daƙiƙa 60, to Audacity za ta yi amma da jan ƙafa. A nan Reaper ke shigowa, kuma ita nake ganin ya kamata duk makahon da ke son ya ci abinci da wannan sana'a ya nufa. Kamfanin Cockos ne ke yin ta, na Justin Frankel, mutumin da ya yi Winamp da yayyenmu suka sha jin waƙa da ita. Ita kaɗai ba ta magana sosai. Abin da ya mayar da ita ta makafi wani ƙari ne na kyauta mai suna OSARA, wanda James Teh ɗin nan na NVDA ya fara ginawa. Wato makaho ne ya zauna ya rubuta wa kansa abin da yake buƙata, kuma ana jin haka a aikin. Ka danna kibiyar sama ko ƙasa, ta faɗa maka layin sautin da kake kai, da ko a kunne yake ko a kashe. Ka danna kibiyar hagu ko dama, sautin ya dinga gogawa a kunnenka kamar yadda ake juya kaset da hannu a da, har ka tsaya daidai bakin harafi. Akwai ma abin da ke sa ido a kan ƙarfin sauti ya sanar da kai in ya haura iyakar da ka sa masa, wanda shi ne madadin wannan jan layin da mai gani ke kallo. Ga ɗan koyo kuma, F12 na kunna yanayin da duk maballin da ka taɓa za a faɗa maka aikinsa ba tare da ya aikata ba.

Matsalar Reaper kuɗi ne, kuma ba zan ɓoye ba. Ana ba da kwana 60 na gwaji da komai a buɗe, bayan nan lasisin mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne. A canjin yanzu wannan ya haura mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Gaskiya ne cewa ko kwanakin sun cika manhajar ba ta kulle kanta, tunatarwa kawai take yi, kuma na san abin da mutanenmu za su yi da wannan bayani. Ni dai shawarata, wanda ya fara karɓar kuɗin aiki da ita ya biya. Biya ɗaya ne, ba na wata-wata ba irin na Adobe, wanda ga mai fama da katin da ke ƙin biyan dala wani ciwon kai ne na daban. Kuma dala 60 abu ne da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko wani mai hali a unguwa zai iya ɗauke wa yaro. Muna raba buhun shinkafa da azumi, hakan yana da kyau, amma ba mu cika tunanin irin wannan taimakon ba.

Wani zai ce: ai duk situdiyon da zai je FL Studio ko Cubase ake amfani da su, in ya koyi wata daban wa zai ɗauke shi? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya ga wanda burinsa a ɗauke shi yaron situdiyo ya zauna kan kwamfutar maigida. Amma mai talla da gidan rediyo fayil suke karɓa, WAV ko MP3, kuma fayil ba ya ɗauke da tambarin manhajar da ta haife shi. Bugu da ƙari, NVDA da Reaper duka ana iya girka su a kan filashi, mutum ya shiga situdiyon wani ya soka ya yi aikinsa ya zare. Kamfanonin ma sun fara farkawa: Ableton ta sa tallafin masu karanta sikirin a Live 12 da ta fito a 2024. Mai situdiyon da ya ce makaho ba zai iya ba, yawanci abin da yake nufi shi ne ba zai iya da manhajar da shi maigidan ya saba da ita ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma na masu karanta wannan shafi ne: me ya sa sai kwamfuta, ga waya a hannun kowa? Don ɗauka, waya ta isa. Don yanke farko da ƙarshen saƙon murya, ta isa. A iPhone akwai Ferrite Recording Studio, wadda aka gina ta da VoiceOver a rai, kuma makafi na yin shirye-shirye cikakku da ita. Amma Tecno da Infinix da itel ne a aljihun mafi yawanmu, kuma manhajojin tace sauti na Android galibi an gina su ne a kan jan yatsa bisa zane, ga tallace-tallace da ke faɗowa da ɗan maballin rufewa da TalkBack ba ya ko sanin sunansa. Wanda ya ce maka wata manhajar Android na yi, kada ka musa masa, ka gwada. Kunna TalkBack, rage hasken sikirin har ƙasa, ka ɗauki magana ta minti ɗaya, ka cire kalma ɗaya daga tsakiya, ka adana, ka tura wa wani. In ka kai ƙarshe ba ka leƙa ba, manhajar ta ci jarrabawa. Wannan gwajin shi ne dai na kwamfuta: zare maus, rufe sikirin da kwali, danna Ctrl da Alt da N ka tayar da NVDA, ka yi aikin. Minti goma zai ɗauke ka, kuma zai gaya maka abin da duk bidiyon sharhi na YouTube ba zai gaya maka ba, domin masu yin su da ido suke gwadawa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke kashe wa mutum gwiwa tun kafin ya fara, kuma ba laifin manhaja ba ne. Laftof ɗin da ake shigo da su na hannu, wasu daga Faransa ko Jamus suke, kibod ɗinsu daban. Mai gani zai duba ya daidaita, amma ga wanda ya haddace wurin kowane maballi da yatsa, kuma baka mai kusurwa ce rabin aikinsa, wannan babbar matsala ce. A duba kibod kafin a biya, a kuma tabbatar an saita Windows a kan tsarin kibod na Amurka. A wasu laftof ɗin layin F1 zuwa F12 an mayar da shi na ƙara murya da haske, sai an sauya. Sannan ga wadda ta fi ruɗa mutane: wasu saitin sauti, musamman ASIO da 'yan situdiyo ke son girkawa, suna ƙwace na'urar sautin kwamfutar gaba ɗaya, sai NVDA ta yi shiru. Ga makaho wannan daidai yake da a ɗauke maka wuta a kashe sikirin lokaci guda. Maganinsa ɗan ƙaramin katin sauti na USB, irin mai arha da ake samu a Farm Centre, a tura muryar NVDA ta can, aikin kuma ta ɗaya hanyar. Kuma a sa abin kunne lokacin ɗauka, in ba haka ba muryar mai karanta sikirin za ta shige cikin tafsirin malam.

Manhajar da aka fasa kuwa, ban da haƙƙi da ƙwayar cutar da ke biyo ta, tana da wata illa ta musamman a nan. Wurin girka ta cike yake da tagogin da ba sa magana, don haka duk ranar da ta lalace sai an sake komawa kasuwa. Audacity, NVDA, Reaper da OSARA kuwa makaho zai iya saukewa ya girka da kansa daga shafukansu. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne sabuntawa. Muse Group ta karɓi Audacity a 2021, kuma an sanar da sake gina fuskarta a siga ta 4. Duk lokacin da aka sake wa manhaja fuska, abin da ya saba magana yana iya yin shiru. A ajiye fayil ɗin girka sigar da ke aiki a filashi, kada kuma a sabunta ana gobe za a miƙa aiki.

Saura Turanci. Menu na duk waɗannan manhajoji da Turanci yake, darussan da makafin duniya suka ɗauka kan Reaper da Audacity ma haka. Ga wanda ya bi ta makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, ko ya kai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, wannan ba shinge ba ne. Ga wanda karatunsa na allo ne da hadda, shinge ne, kuma su ne da yawa. Sai dai kalmomin da ake buƙata ba su taka kara sun karya ba, 'yan tsiraru ne da ke maimaita kansu, kuma wanda ya haddace izu 60 ba waɗannan ne za su gagare shi ba. Abin da ake nema shi ne wani ya zauna ya ɗauki darasi da Hausa, da murya, yana danna maballi ana jin abin da NVDA ke cewa yana fassarawa, ya raba a WhatsApp. Masu yin bidiyon "yadda ake" da Hausa sun yi yawa a TikTok da YouTube, amma kusan duka salonsu ɗaya ne: "ka danna nan, sai ka zo nan." Wanda ba ya gani bai san inda "nan" yake ba. Ku faɗi sunan maballin, ba abin da zai rage muku.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, kuma gidajen rediyon gwamnati na cikin waɗannan ma'aikatu. Amma gurbi a takarda ba ya zama aiki sai an sami wanda zai shiga ɗakin tacewa ya nuna ya iya. Cibiyoyin koyar da kwamfuta da ke jere daga Court Road zuwa titin Zariya a Gyadi-Gyadi, da na cikin Tarauni, babu abin da zai hana kowacce ta girka NVDA da Audacity a kan kwamfuta ɗaya, ta tanadi abin kunne ɗaya. Manhajojin biyu kyauta ne, kuma datar da za a sauke su da ita ba ta kai ta kallon fim ɗaya a YouTube ba.